Da Mu Da Kuɗinmu, Wa Ke Riƙe Da Linzami?

Ya ku 'yan'uwa 'yan makaranta, muna yi muku barka da komowa daga hutu. Kun san dai abin da kan faru a ɗakin kwana daren farko. Da an gama gaishe-gaishe sai kowa ya jawo akwatinsa ya buɗe, wannan ya fid da sabon takalmi, wancan agogo, wani kuwa ya zaro waya yana shafa fuskarta, sauran su yi masa zobe. Can gefe guda kuma akwai wanda ba ya buɗe nasa akwatin sai an kashe fitila, don ya san abin da ke ciki na bara ne.

Da za ka tari mai sabon takalmin nan ka ce, "Wane, me ya sa ka sayi wannan, ga naka na da ko fashewa bai yi ba?" sai ya ce maka, "Na ga dama ne, ai kuɗina ne." To, wannan magana ta ganin dama ita mu ke so mu zauna a kanta yau. Kuɗin dai nasa ne, ko kuwa mu ce na ubansa. Amma damar fa, tasa ce? Kadan wani ne ya dasa masa ita bai sani ba, wa za a zarga ran da cinikin ya jawo bashi da da-na-sani?

Bari mu soma da wani labari na ƙasar Amurka, gama can ne aka fara mai da talla ta zama ilmi, har a ke koyar da ita a manyan makarantu. A da, in mutum ya shiga kanti a can, sai ya tsaya bakin kanta ya faɗi abin da ya ke so, yaron kanti ya ɗauko masa, kamar dai yadda mu ke yi da mai tireda a unguwa. Cikin 1916 wani mutum wai shi Clarence Saunders ya buɗe wani irin kanti a birnin Memfis, ya sa masa suna Piggly Wiggly, ya ce kowa ya ɗauki kwando ya shiga ya zaɓa da hannunsa. Sai dai ya shirya hanyar cikin kantin yadda ba ka isa wurin biya sai ka ratsa ta gaban kowane kaya. Wanda gishiri ya kawo shi, kafin ya fita idonsa ya gaisa da alewa da sabulu da kifin gwangwani.

Bayan kamar shekara 20, wani mai irin kantunan nan a birnin Oklahoma, sunansa Sylvan Goldman, ya lura mutane kan daina saye da zarar kwando ya cika ko hannu ya gaji, alhali kuwa da sauran kuɗi a aljihu. Ya yi ta tunani, har ya dubi wata kujera mai naɗewa, ya sa aka ƙera masa irinta da ƙafafun keke, aka ɗora mata kwando biyu, ta zama ɗan amalanke. Cikin 1937 ya jera su bakin ƙofa. Ashe ba mai so. Maza suka ga ƙasƙanci ne a ce ba su iya ɗaukar kwando, mata kuwa suka ce sun gaji da tura keken jarirai a gida. Da Goldman ya ga haka sai ya yi hayar mutane, maza da mata, manya da samari, ya ce su riƙa tura amalanken suna zaga kanti kamar masu saye. Ya kuma tsai da mai tarbar baƙi a ƙofa, ana nuna wa duk wanda ya shigo cewa ai kowa ma shi ya ke turawa. Ba a daɗe ba jama'a suka ɗauka, har yau kuwa shi a ke turawa a manyan kantunan duniya.

Ku dubi labarin nan da kyau, domin abu uku da ke jan hannun mai saye duk sun taru a cikinsa. Akwai dabarar mai kaya, akwai idon jama'a, akwai kuma na'ura wadda ta ɗauke wa hannu gajiya. Sai mu bi su ɗaya ɗaya.

Talla ba baƙuwa ba ce gare mu. Yarinya mai fura tana kira tun daga bakin lungu, dillali a kasuwar Kurmi yana yabon rigar da ke kafaɗarsa har ka ce ba a taɓa ɗinka irinta ba. Amma duk yabon da za su yi, ka san mai sayarwa ne ke magana, ka kuwa san yadda za ka rage wa maganarsa gishiri. Tallar zamani ta wuce nan. Ita ba ta cika tsayawa kan kayan ba, kai ta ke nuna wa kamannin da za ka yi in ka saya.

Ga misali. A Amurka, wajen shekara 100 da ta wuce, abin kunya ne a ga mace tana shan taba a titi. Shugaban kamfanin American Tobacco, masu yin sigarin Lucky Strike, ya ga rabin kasuwa ke nan a rufe, sai ya ɗauki wani gwanin sarrafa ra'ayin jama'a, Edward Bernays, ɗan ƙanwar Sigmund Freud, shahararren likitan nan mai binciken zuciyar ɗan Adam. Lokacin nan shekara 9 ke nan da matan ƙasar suka sami ikon jefa ƙuri'a, watau 1920, maganar 'yanci kuwa tana bakin kowa. Ran bikin Ista na 1929 Bernays ya shirya waɗansu 'yan mata suka shiga jerin gwano a birnin Niyu Yok, suka kunna sigari a bainar jama'a, aka kuma rigaya aka tsegunta wa 'yan jarida cewa fitilun 'yanci za a kunna. Kashegari labari ya cika jaridu, ba kuwa wanda ya ambaci kamfanin da ya biya. Cikin 1950 waɗansu masana biyu na Ingila, Richard Doll da Bradford Hill, suka nuna dangantakar taba da ciwon daji na huhu. Zuwa 1987 ciwon nan ya fi kowane irin ciwon daji kashe mata a Amurka. Ba mu ce jerin gwanon rana ɗaya ne ya jawo wannan duka ba, tallace-tallacen shekaru masu yawa ne suka taru. Amma ku lura, wadda ta sayi kwalin farko ba hayaƙi ta ke nema ba, 'yanci aka ce mata yana ciki.

Kada ku ce wannan sai can. Ku saurari bakinku. Kowane man goge haƙori makilin mu ke ce masa, kowane garin sabulu omo, kowane dunƙulen miya magi, alhali kuwa duk ukun sunayen kayan kamfanoni ne, Macleans da Omo da Maggi. Kakanninmu da daddawa suka yi miya, ba wanda ya ce ba ta da daɗi, yau kuwa amarya ta yi miya ba dunƙule sai a ce ba ta iya girki ba. Abin da ya shiga harshe har ya zama sunan abu, lalle ya daɗe da shiga zuciya.

Na biyu, idon jama'a, shi ya fi talla ƙarfi, shi ya sa Goldman da Bernays duka biyu suka yi aronsa. Tun daga 1951 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Solomon Asch, ya yi wani gwaji. Ya kan zaunar da ɗalibai kamar 8, ya nuna musu layi guda a kati, da waɗansu layuka 3 a wani katin, ya ce kowa ya faɗi wanda tsawonsa ya yi daidai da na farko. Amsar a fili ta ke, yaro ma ya gane ta. Sai dai duk an haɗa baki da su su faɗi ƙarya, ban da mutum ɗaya wanda bai san dawar garin ba, shi kuwa sai kusan ƙarshe ya ke amsawa. Wajen kashi ɗaya cikin uku na amsoshin irin mutanen nan taro suka bi, mutum uku cikin huɗu kuwa sun ƙaryata idonsu ko da sau ɗaya ne. To, kadan mutum ya iya ƙaryata idonsa a kan tsawon layi, a gaban baƙin da ba zai sake gani ba, ina ga zancen takalmi a gaban abokan da ya ke kwana ɗaki ɗaya da su?

Mu ma mun san wannan a gida. Ana fid da ankon biki, sai ka ga wadda ba ta da na cefanen gobe ta ci bashi ta yanki atamfa, don kada a ce ba ta yi kara ba. Akwatunan lefe kullum ƙaruwa su ke yi, ba don amarya tana da jiki goma ba, sai don na gidan wane guda kaza ne. Saurayi ya shekara yana tari, aure ya gagara. Da ma masu magana sun ce kowa ya daka ta wani ya rasa turmin daka tasa.

Na uku ita ce na'ura, ita ce kuwa ta fi wuyar ganewa, domin kama ta ke yi da mai taimako. Ku tuna yadda ciniki ya ke a da. Sai ka jira ran kasuwa, ka taka ka tafi, ka taya a ce albarka, ka yi kamar za ka wuce, a kira ka, a daidaita, sa'an nan ka kwance lalita ka ƙirga kuɗi ɗaya ɗaya kana ji a ranka. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan wuri ne na sake shawara, mutum nawa ne suka fasa ciniki a tsakanin tayi da ƙirga? Aikin na'urar ciniki shi ne ta share wuraren nan duka. Cikin 1999 kamfanin Amazon ya yi rajistar wata dabara a Amurka don kada kowa ya kwaikaya, ba kuwa wata aba ba ce illa a sayi kaya da danna maɓalli sau ɗaya tak. Cikin 2001 waɗansu malamai biyu na babbar makarantar MIT, Drazen Prelec da Duncan Simester, suka ba da labarin gwanjon da suka yi na tikitin kallon ƙwallon kwando a Boston. Rabin ɗalibai aka ce su biya da tsabar kuɗi, rabi da katin bashi. Masu katin suka taya kusan ninki biyu na abin da masu tsaba suka taya. Tikitin dai ɗaya ne, zafin rabuwa da kuɗi ne ya ragu.

A shekarar nan ta 2001 aka soma wayar hannu ta GSM a Nijeriya. Da aka yi ƙarancin takardun naira a farkon 2023, saboda sauya fasalin 200 da 500 da 1000, har mai shayi da mai kayan miya suka koma karɓar kuɗi ta waya. Wannan ya sauƙaƙa abubuwa da yawa, ba mu musu. Amma ku sani wayar nan ta haɗa Saunders da Goldman da Bernays cikin tafin hannu ɗaya. Ita ce kantin da ba ka fita sai ka ratsa gaban kaya, ita ce amalanken da ba ya cika, cikinta kuma ka ke ganin abokanka kowa da sabon abinsa. Kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, ya sami wajen dala biliyan 135 cikin 2023, kusan kashi 98 cikin 100 kuwa daga talla. Ba ka biya ko kwabo don ka shiga, domin idonka a ke sayarwa. Na'urorinsu suna lissafin abin da ka tsaya ka kalla da wanda ka wuce, gobe su kawo maka irin na farkon. In kuɗi ya ƙare ma ga masu ba da bashi ta waya, cikin 'yan mintoci su tura maka. Waɗansunsu, in ka kasa biya, sai su aika wa duk lambobin da ke wayarka da saƙon tozarci, har cikin 2022 hukumar Tarayya mai kare haƙƙin masu saye ta kai samame ofisoshin waɗansu a Ikko.

To, yanzu sai mu komo ga tambayarmu. Akwai amsa biyu masu sauƙi, duka biyun kuwa ba mu yarda da su ba. Wani zai ce, "Tun da haka ne, ba laifina, sa ni aka yi." Amma ku tuna a gwajin Asch mutum ɗaya cikin huɗu bai taɓa bin taro ba ko sau ɗaya, shi ma kuwa ɗan Adam ne, ya ji nauyin idon da sauran suka ji. Wani kuma zai bugi ƙirji ya ce, "Ni ba mai juya ni." Wannan ya fi na farko shiga haɗari, gama kamfanoni ba su zubad da dukiya a kan abin da ba ya aiki, wanda kuwa ya ce rijiya ba ta kan hanyarsa shi ke faɗawa.

Mai hankali daga cikinku zai kawo wata magana wadda ta fi waɗannan nauyi. Zai ce, "Ai ba sha'awar da mutum ya zo da ita daga ciki. Son tuwo ma a hannun uwa muka koya, son karatu a wurin malam da abokan kirki. Talla ce ta sanar da ƙauye gidan sauro da ruwan gishiri da sukari na mai zawo. In duk abin da ya shigo daga waje ba namu ba ne, ashe ba mu da kome." Gaskiyarsa. Saboda haka ba daga inda sha'awa ta fito za a gane tamu ce ko ba tamu ba, sai an gwada ta, awon kuwa iri biyu ne a ganinmu.

Na fari, ta iya tsayawa bayan ka san wanda ya kawo ta da ribar da zai ci? Yau duk wanda ya ji labarin 'yan hayar Goldman sai ya yi dariya ya ci gaba da tura amalankensa, domin amfaninsa na gaske ne, hannu ba ya gajiya. Amma da an gaya wa matan nan na 1929 cewa kamfanin taba ne ya shirya fitilun 'yancin don ya cika asusunsa, da maganar ta lalace nan take, shi ya sa aka ɓoye. Uwa ba ta jin kunyar ka san ita ta koya maka son tuwo. Duk sha'awar da mai dasa ta ke tsoron ka gan shi, ka yi mata tambaya.

Na biyu, ta iya kwana? Bukata ta gaskiya ba ta gudu, wanda ba shi da takalmi yau gobe ma ba shi da shi. Amma wadda aka hura da "saura guda biyu" ko "rangwame yau kaɗai", in ta kwana biyu sai ka neme ta ka rasa. Sha'awa doki ce, ba aibu ba ne doki ya yi ƙarfi, jinkiri kuwa shi ne linzami. Da kasuwa da kanta ke ɗaura mana shi, yau na'ura ta kwance, ya rage kowa ya ɗaura wa kansa. Ka ga abu ya shiga ranka, rubuta sunansa da kuɗinsa a bayan littafi, ka lissafa kwana nawa ubanka zai yi a gona ko a ofis kafin ya sami kuɗin nan, ka bar shi mako guda. In ka komo yana nan daram, saya, ka sa da farin ciki, ba mai ce maka don me.

Saura magana ɗaya, ita ce kuwa ta fi damunmu. Mun yi ta zancen idon jama'a kamar wani dodo ne can waje, alhali mu ne jama'ar. Goldman biyan 'yan hayarsa ya yi, mu kuwa kyauta mu ke yi wa kamfanoni aikin nan, duk sa'ad da muka ɗora hoton sabon abu don a gani, ko muka dubi ƙafar wani muka yi murmushi. Yaron nan da ba ya buɗe akwati sai an kashe fitila, ba allon talla ya ke tsoro ba, mu ya ke tsoro. In ya je gida ya matsa wa uwarsa har ta sayar da akuyarta, ko ya miƙa hannu cikin akwatin wani, da hannunmu a ciki.

Amma Asch ya gano wani abu kuma. In aka sami mutum ɗaya tak cikin taron ya faɗi gaskiya, bin taro kan ragu ƙwarai, ya komo kamar kashi ɗaya cikin huɗu na yadda ya ke. Watau ba sai kowa ya gyaru ba tukuna. Ɗalibi guda wanda a ke ganin girmansa, in ya sa takalminsa na bara ya fito fili ba ya sunkuyar da kai, ya sauke wa mutum goma kaya. Yarinya guda in ta ce wa ƙawarta za ta zo biki da zanenta na gida, waɗansu biyar sun sami bakin magana.

Saboda haka amsarmu ita ce, damar da mu ke gani ba mu kaɗai ke yin ta ba, amma alhakin auna ta a wuyanmu ya ke, har da alhakin wadda mu ke dasa wa na kusa da mu. Wanda ya ga ba haka ba ne daga cikinku, ya rubuto mana hujjarsa, ma buga a nan kowa ya karanta. Kafin nan, in dare ya yi aka jawo akwatuna, a dubi na gefen nan a ja shi da hira tun fitila tana ci. Allah ya ba mu wadatar zuci, ya sa mu fi ƙarfin abin da ke aljihunmu, amin.